Magazin ta Kumasi, Inda Inji Bai San Ƙabilar Mota Ba

A Suame, arewa da tsakiyar birnin Kumasi, ba wanda zai ɗaga kai don an ce ga Peugeot da injin Nissan a cikinta, ko ga Land Rover tana tafiya da dizal ɗin Toyota. Aikin yau da gobe ne. Direba ya kawo mota injinta ya gaji, a zagaya shagunan masu kayan gyara a ga wane inji ne ya faɗo a wannan watan, a auna, a yanka, a yi walda, bayan 'yan kwanaki mota ta koma layin Techiman ko Tamale tana neman kuɗi. A Ingila da Amurka kuwa wannan aiki sha'awa ce ta masu hali. Mutum zai sayi tsohuwar motar gudu mai ƙofa biyu, ya kulle ta a gareji shekara biyu ko uku, ya zuba mata kuɗin da zai gina gida, ya dasa mata injin da ya fi nata ƙarfi, sannan ya riƙa fitowa da ita ranar Lahadi idan babu hadari.

Gwanintar ɗaya ce, niyyar ce ta sha bamban. Makanikin Suame so yake mota ta tashi ta ci gaba da ciyar da iyali. Mai farfaɗo da tsohuwar motar gudu so yake ta koma yadda take ranar da ta baro masana'anta, ko ta fi, ba tare da an ɓata kamanninta ba. Wanda ya kai irin wannan mota Suame bai gane wannan bambanci ba, zai karɓi mota mai tafiya lafiya lau, amma wadda ta rasa abin da ya sa ya ƙaunace ta tun farko.

Daga jaki zuwa ƙarfe

Alaƙar Hausawa da ƙasar Tonawa goro ne ya ƙulla ta. Shekaru aru-aru fatake daga Kano da Katsina suna zuwa Salaga a ƙasar Gwanja su sayi goron da aka hauro da shi daga kurmin Ashanti. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, Turawan Ingila suka kama Kumasi a 1896, aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, daga nan ƙofar birnin ta buɗe wa baƙi daga arewa: fatake, malamai, mahauta, da tsofaffin sojojin Hausa da suka yi wa Turawa aiki. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903. Haka zango ya kafu ya yi rassa, Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Akwatia Line, Alabar, har zuwa zangon Tafo da na Mosawa. Enid Schildkrout, a littafinta People of the Zongo na 1978, ta nuna yadda Hausa ta zama harshen da ya haɗa Mosawa da Dagwamba da Zabarmawa da Wangarawa da Yarbawa a waɗannan unguwanni, ko da yake Hausawan asali ba su ne mafi yawa ba.

Da babbar mota ta kori jaki daga hanyar arewa, 'ya'yan zango ba su bar hanyar ba. Suka zama direbobi, yaran mota, 'yan kamasho da dillalan tasha. Duk inda direba yake kuwa, makaniki yana kusa.

Magazin, matattarar makanikai ta Suame, ta samo asali a shekarun 1930, lokacin da maƙera da masu gyaran mota suka fara taruwa kusa da ma'ajiyar makaman sojan mulkin mallaka, inda wurin ya samo sunansa, domin magazin ake kiran irin wannan ma'ajiya da Turanci. A farkon shekarun 1960 aka mayar da su inda suke yanzu, a bakin hanyar da ta nufi Offinso da Techiman. Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne mutum kusan 200,000 a shaguna da rumfuna kusan 12,000, abin da ya sa ake lissafa ta cikin manyan matattarar masu sana'ar hannu a Afirka. Tonawa ne suka fi yawa, Twi ne harshen ciniki, amma Hausa ba baƙuwa ba ce a wurin. Samarin zango na koyon aiki a ciki, ga kuma direbobin tirela na Nijar da Burkina Faso da Mali da ke jigilar kaya daga tashar jirgin ruwa ta Tema, waɗanda ke tsayawa gyara kafin su hau doguwar hanya.

Wahala ce ta koya wa Magazin aikin da ta fi shahara da shi. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 tattalin arzikin Ghana ya durƙushe, babu kuɗin waje, babu kayan gyara a kanti. Abin da ba a iya saya ba sai a ƙera shi, ko a ciro na wata mota a sassaƙe shi har ya zauna. A 1980 cibiyar ba da shawara kan fasaha ta jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wadda yau ake kira KNUST, ta buɗe wani reshe a tsakiyar Suame mai suna ITTU, ta kawo injinan sassaƙa ƙarfe, ta koyar da zubin narkakken ƙarfe. John Powell, injiniyan da ya daɗe yana jagorantar aikin, ya rubuta labarin waɗannan masu sana'a a littafinsa The Survival of the Fitter a 1995. Yawancin tsofaffin mastocin da ke zaune a bakin shago yau suna ba yara umarni, a wancan zamani suka yi koyo. Sun san kafireto, sun san kwanta, sun san yadda ake buga gefen mota da guduma daga falan kwano. Wannan shi ne ainihin ilimin da motar 1965 ko ta 1975 take bukata, kuma shi ne ilimin da a Turai yanzu ake biyan sa da tsada saboda masu shi sun yi ƙaranci.

Ina motocin suke?

Motar gudu ba ta taɓa yawa a Ghana ba. Ƙasa ce ta Bedford mai bodin katako, da Peugeot 404 da 504, da Datsun, da Benz 207 da aka mayar trotro, wato motar haya. 'Yan kaɗan da suka shigo, irin su MG da Triumph, galibi Turawan kamfanoni ne suka zo da su, ko 'yan boko da suka dawo daga karatu a Ingila. Daga baya masu kuɗi suka koma wa Mercedes. Ranar 4 ga Agusta 1974 Ghana ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, shekara biyu bayan Najeriya, sai motocin Ingila masu sitiyari a dama suka zama saniyar ware. Magazin ta ƙware a juya sitiyari tun daga lokacin, kuma har gobe ana yi. Ga MGB, ɗaya daga motocin MG, aikin ba shi da wuya sosai, domin an ƙera ta don kasuwa biyu, mafi yawanta ma Amurka aka kai.

Kada a ɗauka irin waɗannan motoci ba su san jar ƙasa ba. Datsun 240Z ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971, ta sake ci a 1973 a hannun Shekhar Mehta. A maƙwabta, Kwaddibuwa, akwai gasar Bandama, wadda tsananinta ya kai a 1972 ba motar da ta kai ƙarshe ko ɗaya. Peugeot 504 mai ƙofa biyu da injin V6 ta ci ta a 1978, sannan a 1979 Mercedes 450 SLC ta kwashe na ɗaya har zuwa na huɗu, Hannu Mikkola a gaba. Hanyoyin da suka bi ba su da wani bambanci da na kurmin Ashanti da damina.

Wanda yake neman irin wannan mota a Kumasi yau, abokin takararsa ba wani mai sha'awa ba ne. Ɗan gwangwan ne. Akwatia Line da kewayen Aboabo cike suke da masu sayen tsohon ƙarfe, sana'ar da ke ciyar da dubban samarin arewa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Tun da gwamnati ta hana fitar da tsohon baƙin ƙarfe waje a 2013, kamfanonin narka ƙarfe na Tema ne ke haɗiye shi su mayar da shi rodin gini. Sikeli bai san MGB ba, nauyi ya sani, ita kuwa duka-duka wajen tan ɗaya ce. Motar da ta yi shekara ashirin a bayan gida ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ranar da aka zo rabon gado rana ɗaya ta ishe ta.

Shigo da ita daga waje ma ba sauƙi. Kwastan na Ghana na ɗora tara a kan motar da ta haura shekara goma, tarar kuma tana hauhawa da tsufan motar. A 2020 majalisa ta yi dokar hana shigo da motocin da suka yi hatsari da wasu da suka wuce shekara goma, don a ƙarfafa wa kamfanonin haɗa motoci irin su Volkswagen da Toyota da suka buɗe a ƙasar, amma ƙorafin dillalai da masu gareji ya sa aka jingine aiwatar da ita.

Bodi kafin inji

Kuskuren da masu sabon shiga suka fi yi shi ne su fara da inji, don shi ne ke ƙara. Inji kuwa shi ne mafi sauƙin abin da za a samu a Suame. Bodi ne ke yanke hukunci ko aikin zai yiwu.

Kumasi na samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, damina biyu, ga raɓa ga laima. Motar da ta kwana a Kano ko Maraɗi rana ce ke cin ta, ta fasa dashbod, ta busar da roba, ta ƙone fenti, amma ƙarfen yana nan. Ta Kumasi daga ƙasa take ruɓewa. MGB da 240Z da Mercedes SL duk ba su da shasi daban irin na Land Rover. Bodin ne ƙashin bayansu, ƙarfinsa kuma yana cikin dogayen akwatunan ƙarfe da ke ƙarƙashin ƙofofi, da daɓen ƙasa, da wuraren da ƙafafu suka kama. A motar da ba ta da rufi abin ya fi tsanani, don babu abin da ke riƙe gaba da baya sai waɗannan akwatuna. Idan tsatsa ta cinye su, za ka ga ƙofa tana gogar bodi daga sama, alamar motar ta fara lanƙwashewa a tsakiya. Kafin a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe dole a gicciya ƙarafa a bakin ƙofofin a yi musu walda ta wucin gadi, in ba haka ba motar za ta buɗe, ba kuma za ta sake komawa daidai ba.

Fanalbitocin Magazin gwanaye ne, wannan ba gardama. Matsalar ita ce kasuwar da suka saba da ita ba ta biyan haƙuri. Mai tasi so yake a rufe rami, a shafe da foti, a fesa fenti, gobe ya fita. Saboda haka hannu ya saba da foti mai kauri da waldar gas, wadda zafinta ke murɗa siririn kwano. Mai tsohuwar mota sai ya faɗa tun farko cewa a kankare har sai an ga farin ƙarfe, a yanke duk inda ya ruɓe, a ɗinke da sabon kwano mai kauri ɗaya da na asali, kuma zai biya kuɗin kwanakin da hakan zai ci. Ya riƙa zuwa yana gani da idonsa kafin a shafa komai. Maganaɗisu ɗan ƙarami ya isa ya tona asirin inda foti ya yi yawa, don ba ya kamawa a wurin.

Masu MGB suna da gata ɗaya. An ƙera fiye da 500,000 a Abingdon tsakanin 1962 da 1980, kuma tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga sabon bodinta da ainihin injinan da aka yi na farko da su. Kusan kowane yanki nata ana iya yin odarsa. Sai dai a tuna notinta na inci ne, sufanar milimita da ta cika akwatin yaran yanzu za ta cinye masa kai. Waɗanda aka yi kafin ƙarshen 1967 kuma wayarsu a juye take, ɓangaren fositif na batir ne ke haɗe da bodi. Ɗan riwaya da bai san haka ba zai iya ƙona abubuwa cikin minti ɗaya.

Maganar dashen inji

Sa wa ƙaramar mota babban inji ba bidi'a ba ce, wasu daga cikin shahararrun motocin gudu haka aka haife su. A 1962 Carroll Shelby, ɗan tseren mota daga Texas, ya ɗauki AC Ace ta Ingila ya cusa mata V8 na Ford, aka samu Cobra. Wajen 1970 wani makanikin Ingila mai suna Ken Costello ya lura cewa V8 na Rover mai lita 3.5, wanda asalinsa na Buick ne, da alminiyam aka yi shi, har ma bai kai nauyin injin MGB mai silinda huɗu na baƙin ƙarfe ba. Ya dasa, motar ta tashi kamar an tsikare ta, hancinta kuma bai yi nauyi ba. Kamfanin MG da kansa ya kwaikwaye shi, ya fitar da MGB GT V8 daga 1973 zuwa 1976, guda 2,591, da ƙarfin doki 137 maimakon kusan 95 na ƙaramin injin.

Abin lura a labarin Costello nauyi ne, ba ƙarfi ba. Motar gudu daɗinta yana cikin yadda take shan kwana, wannan kuwa ya dogara ga yadda nauyi ya rabu tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Ka ɗora mata injin da ya fi nata da kilo 80 a kan hanci, za ta yi gudu a miƙe, amma a kwana za ta riƙa neman wucewa gaba, sitiyari ya yi tauri, birkin gaba ya riƙa zafi.

Wannan V8 na Rover shi ne a cikin tsofaffin Range Rover tun 1970 da wasu Land Rover, don haka ba baƙo ba ne a Suame. Haka abin yake ga sauran. Injin M110 mai silinda shida da ke cikin Mercedes 280 SL shi ne a cikin 280 E ta W123, M103 na 300 SL ta 1985 kuma shi ne na 300 E ta W124, motocin da suka cika Afirka ta Yamma. Datsun 240Z tana da L24, ɗan'uwansa L28 mai lita 2.8 yana cikin 280ZX da wasu tsofaffin Nissan Patrol, kuma yana zama a gurbin ba tare da yanka ba, illa a canza kaskon baƙin mai da wasu ƙananan abubuwa. A ganina wannan shi ne dashen da ya fi hankali: inji daga gida ɗaya, wanda giya ta san shi, ƙafafun zama suka san shi, kuma duk ranar da aka so a mayar da na asali ba a ɓata komai ba.

Dashe daga wani gida daban shi ne inda ake gane masta. Shagunan Magazin cike suke da injinan da aka shigo da su daga Turai da Japan da Koriya da Dubai, wasu ma da rabin motar ake kawo su, an yanke ta daga gilashin gaba. Wanda ke son V8 na Lexus LS400 ko 2JZ na Toyota mai silinda shida, rabin mota ya kamata ya saya, domin a nan zai samu inji da giya da wayoyi da ƙwaƙwalwa duk a haɗe. Wanda ya sayi inji tsirara don araha, zai yi wata uku yana yawon neman soket. Injinan da suka biyo baya ma suna da makullin lantarki, idan ƙwaƙwalwa ba ta ga makullinta na asali ba, ba za ta saki wuta ba ko da an kwana ana kiki.

Bayan an samu inji, tambayoyin sukan zo ɗaya bayan ɗaya, kowace kuma tana haifar da wata. Kaskon baƙin mai zai tsallake ƙarfen da ya gicciya ƙarƙashin inji, ko zai zauna a kansa? Sandar sitiyari za ta wuce, ko bututun hayaƙi ya tare mata hanya? Bonet zai rufu? Idan giyar asali za a bari, sai an sassaƙa faranti mai haɗa ta da sabon injin, kuma dole tsakiyarsu ta zo daidai, kuskuren da bai kai kaurin farce ba ya isa ya riƙa cinye kuloci da beyarin. A nan masu injin sassaƙa na Suame suke da ranarsu. Farfela za a rage ko a ƙara mata tsawo, kuma wajibi ne a daidaita nauyinta bayan walda, in ba haka ba da an kai kilomita 90 a awa duk motar za ta ɗauki rawa. Trotro da ba ta wuce 70 ba za ta iya jure wannan shekara da shekaru. Motar gudu ba za ta jure ba.

Sai mai. Kafireto ɗan matsi kaɗan yake so, injekta kuwa tana son ninki goma ko fiye, da famfo na musamman, da bututun da zai mayar da ragowar fetur tanki. Tsohon tiyo da aka ɗaure da waya ba zai riƙe wannan matsi ba, kuma fetur da ke fesowa kusa da salansa mai zafi ƙarshensa sananne ne. Sai birki, wanda aka fi mantawa da shi saboda ba ya ƙara armashin mota a ido. Wanda ya ninka ƙarfin inji bai taɓa birki ba, bai gama aiki ba.

Akwai kuma shawarar da ba makawa sai an ba ka ita a Magazin: "Alhaji, mu sa mata dizal mana, ka huta da shan mai." Ga motar haya shawara ce ta gaskiya. OM617 na Mercedes inji ne da ba ya mutuwa, kuma zai shiga SL. Amma yana da nauyi, yana jijjiga, numfashinsa yana ƙarewa wajen juyi 4,500 a minti, inda na fetur yake kaiwa 6,000. Mercedes ba ta taɓa sayar da wannan SL da dizal ba, kuma ba don ba ta iya ba ne.

Al'adun gareji da ke cutar da tsohuwar mota

Wasu masana halayyar al'umma biyu, Jojada Verrips da Birgit Meyer, sun bi diddigin wata Peugeot 504 ta wani direban dogon zango a Ghana, suka wallafa abin da suka gani a 2001 cikin littafin Car Cultures. Sun nuna cewa mota idan ta iso nan sai an sake horar da ita ta dace da zafi da hanya da aljihun mai ita, kuma makanikai suna da tsarinsu na yin haka, ba kame-kame suke ba. Gaskiya ne. Sai dai wasu daga cikin dabarun, idan aka yi wa tsohuwar motar gudu, gyaran gangar Auzinawa ne.

Na farko cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama. Daga Kumasi har Kano an yi imani cewa na ƙasar sanyi ne. A injinan Mercedes da yawa wannan bawul aiki biyu yake yi, yana buɗe hanyar lagireto yana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji. Ka cire shi, ruwa ya riƙa bin gajeriyar hanyar yana tsallake lagireto, zafin da ake gudu shi za a samu. A inji mai ƙwaƙwalwa kuma, idan ruwa bai kai zafin da aka tsara ba, ƙwaƙwalwar za ta ɗauka har yanzu safiya ce ta ci gaba da ƙara mai. Maganin zafi shi ne lagireto mai faɗi, fanka mai ƙarfi da rufinta, da wanke hanyoyin ruwa. Ruwan famfo zalla ma yana cin alminiyam daga ciki, V8 na Rover kuwa dukkansa alminiyam ne.

Na biyu tuge injekta a sa kafireto. Mercedes na tsakiyar shekarun 1970 zuwa shekarun 1980 suna da tsarin Bosch mai suna K-Jetronic, wanda kusan dukkansa na ƙarfe ne, matsin mai ne ke tafiyar da shi. Datti da tsohon fetur ne ke kashe shi, kuma da ma'aunin matsi da haƙuri ana tayar da shi. Akwai dattawan da suka yi rayuwarsu a kan W123 da W126 da suka san shi ciki da bai. Su za a nema, ko da shagonsu ya fi na kowa tsufa, don da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai wani abu da ba laifin kowa ba ne. Waɗannan injina an yi su ne lokacin da fetur ke da dalma, wadda ke kare mazaunin bawul. Daga farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan fetur. Injin da kansa na baƙin ƙarfe ne, kamar na MGB, gara a sa masa mazaunin bawul mai tauri tun da an riga an buɗe shi.

Tsohon injin da takardu

Duk abin da za a dasa, kada a sayar da injin asali. A zuba masa baƙin mai a silinda, a toshe ƙofofinsa, a ɗora shi a kan katako a cikin ɗaki. A kasuwar duniya motar da lambar injinta ta dace da takardar masana'anta ita ce mai daraja. A Janairun 2020 an sayar da wata 240Z ta 1971 da ba a taɓa canza mata komai ba a kan dala 310,000 a gwanjon intanet a Amurka, motar da sabuwarta ba ta kai dala 4,000 ba. Yaran shago ba su san wannan ba, a wurinsu mataccen inji kuɗin abincin rana ne idan mai sikeli ya biyo.

Lambar inji tana cikin takardun mota, saboda haka canjin sai an kai shi hukumar rajistar motoci ta DVLA an gyara, an kuma sanar da kamfanin inshora. A riƙe rasiɗin sayen injin. Wanda zai tsallaka da motar ta Paga ko Aflao zai gane amfanin wannan a bakin iyaka.

Magazin kanta tana canzawa. Motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ake jona musu ta faɗi ciwonsu, kuma yaron da ya shiga koyo bana ya fi son ya riƙe na'urar gwaji da ya koyi daidaita kafireto biyu da kunne. Yana da hujja, can kasuwa take. Ƙungiyar SMIDO da masu sana'ar suka kafa a 2006 ta buɗe makarantar SMATI musamman don koyar da gyaran motocin zamani. A 2013 wasu 'yan Holan biyu, Melle Smets da Joost van Onna, suka haɗa kai da ita aka ƙera mota sukutum cikin mako 12 daga sassan motoci daban-daban, aka sa mata suna Turtle 1, aka kai ta Holan aka nuna. Ba kyakkyawa ba ce, ba kuma mai gudu ba, amma ta tabbatar wa duniya cewa a fili ɗaya akwai mai shasi, mai bodi, mai waya, mai kujera da mai fenti, kowa na jin kiran kowa. Abin da aikin ya fi fama da shi shi ne rashin zane da ma'auni a rubuce, domin kowane masta a kansa yake ajiye lissafinsa. Mai tsohuwar mota ya ɗauki darasi daga nan: ya zo da littafin gyaran motar, ya ɗauki hoton kowane abu kafin a kwance, ya sa noti da ƙananan sassa a leda da suna, ya ajiye fitilu da tambari da agogunan dashbod a gida, don su ne ba a ƙerawa a Suame.

Kuɗin aiki kashi-kashi ake biya, kuma kashin ƙarshe sai bayan gwaji. A ɗaga motar kaɗan sama da yadda masana'anta ta yi ta, a sa mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin kasko kamar yadda aka yi wa motocin Bandama, saboda tudun rage gudu da ramukan unguwa. Sannan a shiga da ita cunkoson shataletalen Suame da azahar a bar ta tana aiki a tsaye, a ga ko fanka za ta riƙe. Washegari a bi ta Tafo da Mamponteng da Jamasi a hau tsaunin Mampong da giya ta uku, a sauko da birki. Idan allurar zafi ba ta gusa ba a hawa, birki bai yi laushi ba a gangara, ƙasan motar kuma a bushe yake da aka dawo, a biya masta ragowar kuɗinsa, a ba yara nasu na sabulu.